Dutsen Bayan Taya

'Yata ta nuna mini wata mota a wayarta, irin wadda ake yi wa caji da wutar lantarki, an ajiye ta a gangare cikin ƙanƙara a wata ƙasa. Na tambaye ta ko sun sa mata dutse a bayan taya. Ta yi dariya, ni kuwa ban yi ba.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana Zuru, ina tuƙa a-kori-kura, ina ɗauko dawa daga Dirin Daji. Gidana yana kan tudu, hanyar jar ƙasa ce mai gangare zuwa rafi. Da damina santsinta kamar an shafa sabulu. Kullum na tsaya sai na bar motar a giya, na karya sitiyari tayoyi su kalli gefen tudu, na ja birkin hannu, sannan na sa wani baƙin dutse a bayan taya.

Maƙwabcina tsohon soja ne, kofur mai ritaya. Wata rana surukina ya zo daga Kanya, muna zaune a ƙofar gida, sai Kofur ya fito ya ce dutsena ya buge shi a yatsa. Ya ɗauke shi ya wurga cikin kwata. Ya ce direban kirki ba ya tuƙi da duwatsu, a bariki da tuni an sa ni tsallen kwaɗo. A gaban surukina na shiga kwata na ɗauko dutsen. Amma na riƙe abin. Ko salla nake yi sai ya faɗo mini a rai.

Da aka biya shi kuɗin sallama ya sayi ƙaramar mota ta hannu, don matarsa tana ciwon ƙafa, duk mako sai an kai ta asibiti. Na san motar nan tun a garejin bakanikenmu. Na san wayar birkin hannunta ta saki.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗu. Ya ajiye ta a gangaren, tayoyi a miƙe, ba giya, ba dutse. Ya ja birkin, ya fito. Sai ya dube ni.

"Direba, haka ya yi?"

"Ya yi, Oga Kofur," na ce.

Na shiga zaure na zauna inda zan iya hango ta. Ruwa ya sauko. Da farko motar ta ɗan motsa kamar mai gyara zama. Ko a lokacin, da na ruga da dutsena, da na tare ta. Ina zaune ta sulale, ta bi gangaren, ta faɗa rafi ta kife. Gaskiya ita ce na ji daɗi, irin daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar da na sayi tawa motar. Na tuna kwatar nan, na ce a raina yau kai ma ka shiga.

Da ni aka ciro ta da igiya. Ba ta sake tashi ba.

Sati biyu ana ɗora matarsa a kan kabu-kabu, ƙafar a kumbure. Ina jin nishinta idan babur ya faɗa rami. A nan daɗin ya fara yi mini ɗaci, amma ban je na ce zan kai ta ba. Na jira sai da ya zo da kansa, ya cire hula, ya roƙe ni.

Har ƙarshen kaka ni nake kai ta. Duk dawowarmu, kafin in kashe mota Kofur ya riga ya sauka, ya duƙa, ya tura baƙin dutsen nan bayan tayata, ya yi mini godiya. Ba zan ɓoye ba, ganinsa a duƙe ma ya yi mini daɗi a farkon kwanaki.

Sau da yawa na buɗe baki in gaya masa, sai in tambaye shi jikin madam. Ya rasu yana ce wa mutane ba shi da maƙwabci kamata. Dutsen yana nan a ƙofar gidana. Na daina tuƙi, amma na hana a ɗauke shi.