Malam Arzika da Hular Alhaji Yahya

Idan ka tsaya bakin titin Magama da sassafe, za ka ga wani dattijo siriri a kan keke, gwangwanayen madara da yake zuba launi a ciki na ƙara a bayansa. Malam Arzika ke nan, malamin zane a firamaren gwamnatin da na yi. Shekara talatin da biyar bai taɓa zaman jiran a aiko masa da fenti ba. Jar ƙasa daga Gangara, farar ƙasa daga bakin gulbi, gawayi, lalle da baban rini, sai ƙaro da yake jiƙawa don launi ya kama takarda. Buroshinsa kuwa asuwaki ne da aka tauna bakinsa.

Ajin nan nakan tuna shi kamar mafarki. Taga a buɗe, manyan motoci sun yi layi suna jiran ƙetarawa Maraɗi, shi kuwa sai ya ce mu rufe ido mu tuno tsakar gidanmu bayan an ɗauke ruwa. "To, ku buɗe. Abin da kuka gani shi za ku sa." Mukan koma gida hannu shuɗi, iyaye mata na ta faɗa, mu ko a jikinmu.

Wata shekara darasin ya kusa mutuwa. A taron iyaye, Alhaji Yahya mai hatsi ya miƙe ya ce 'yarsa ta zano akuya a makaranta, alhali kowa ya san maganar malamai a kan hoton mai rai.

"A ɗebe muna darasin ga, hedimasta. Ba mu kawo ɗiyanmu su ɗauki zunubi ba."

Hedimasta har ya ɗauki biro zai soke. Malam Arzika bai ja da kowa a kan addini ba, ya ce, "Alhaji, don Allah ara mani hularka."

Ya ɗaga ta sama yana bin zaren da yatsa. "Wanga aiki hannun wa ne?"

"Hannun tsohuwata ne, Allah ya jiƙanta."

"Amin. To ka bar mani ɗiyarka in koya mata abin da kakarta ta iya. Akuya kuwa na sallame ta."

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya daɗe yana kallon hular kamar yau ya fara ganinta, sannan ya zauna.

Daga ranar Malam ya buɗe ƙofar ajinsa. Tsofaffi masu zanen ƙwarya suka riƙa zuwa daga Farfaru, dukawa suka zo da fata, mai zayyanar allon sauka ya zo da alƙalumansa. Yara suka gane ashe adon da ke ɗakin uwayensu ilimi ne. Yau rabin furannin da ke jikin motocin da ke ƙetare iyaka ɗalibansa ne suka zana, ba kuma wanda ya san sunansa a cikin direbobin.

Kai ne, Malam, mai maida ƙasa launi. Kai ne ka gan ni ba na kama lissafi, ka ce ni ba daƙiƙiya ba ce, idona ne ke da kaifi. Wallahi ban manta ba, kuma ina ƙaunarka saboda Allah.

Ƙarshen zangon nan zai yi ritaya, kuma har yanzu ba a turo wanda zai gaje shi ba. An ce idan ba a samu ba, za a ba wani darasi lokacin. Da na je gaishe shi, ya ce, "Salmatu, ba ritaya ka damuna ba. Tsorona yara su girma ba wanda ya taɓa ce masu su duba."

Mun gode, Malam. Allah ya saka, ya ƙara lafiya. Ku kuma malaman makarantunmu na Jibiya, ba kuɗi ya nema ba. Kowace Asabar yakan jera kujeru shida a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, don duk malamin da ke son ya koya kyauta ya kai makarantarsu. Makon jiya mutum biyu suka zo. Sauran kujeru huɗun bai ɗauke su ba sai da aka kira azahar.