Littafin Da Ya Raba Ni Da Goggo Mai Nono

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da uku, ina aure a Wagini, da ɗiya ɗaya 'yar shekara huɗu. Na gama sakandare kafin a yi mani aure, don haka a unguwarmu ana yi mani kallon mai ilimi, ni ake kawo wa takardar magani in karanta, ni ake tambaya idan waya ta rikice. Ina jin daɗin hakan ƙwarai, ban kuwa san cewa shi ne zai ba maganata nauyin da za ta cuci baiwar Allah ba.

Da kakar waccan shekarar maigidana ya sayo mani ƙaramar rediyo mai cin memori daga kasuwar Batsari, masu tura abubuwa a waya suka cika ta da karatu da wa'azi da littattafai. A ciki akwai wani tsohon littafin Turawa na ban tsoro, wanda wani mai kakkaurar murya ya juya zuwa Hausa yana karantawa kashi-kashi. Labarin wani baƙo ne da ya sauka a wani gari, ba ya son hasken rana, tun zuwansa kuma 'yan mata suka riƙa ramewa, jininsu na ƙarewa ba a san dalili ba. Kullum da hantsi, idan maza sun tafi gona, matan maƙwabta sukan taru a tsakar gidanmu ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, mu baje gyaɗa muna ɓarewa, rediyo na bisa turmin da aka kife. Idan mai karatun ya sassauta murya sai hannuwa su tsaya cak, idan kaza ta yi fiffike kusa da mu sai a watse da ihu, a dawo ana dariya har da hawaye. Wallahi har yau ban sake samun zama mai daɗin wannan ba.

A cikin masu zaman akwai wata tsohuwa Bafulatana da muke kira Goggo. Ita da 'ya'yanta ba su daɗe da kafa ruga a bayan gari ba, ta wajen hanyar Darini. Takan sauke ƙwaryar nononta a gidanmu ta huta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska saboda rana na damun idanunta. Ba ta tsorata da littafin ko kaɗan, sai dai ta yi ta mamakin yadda mutum zai zauna ya ƙirƙiro abin da zai hana kansa barci. Ta ɗauki son duniya ta ɗora wa ɗiyata. Takan ɗora ta a cinya, ta lakato man shanu ta sa mata a baki, tana kiran ta kishiyarta cikin wasa irin na kaka da jika.

Muna tsakiyar littafin yarinyar ta fara zazzaɓi. Yakan zo ya tafi, na ba ta maganin da na saya a kemis, ya lafa, ya dawo. Ta daina cin abinci, ta daina wasa, tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari fat. Maigidana yana Safana wajen awon gyaɗa, kwana goma bai dawo ba. Wata rana mai karatun yana kwatanta yadda leɓen wata yarinya ya koɗe, na ɗaga kai na ga ɗiyata kwance a cinyar Goggo, ita kuma ta lulluɓe fuska tana gudun rana. Nan take na tuno baƙon nan na littafin. Na tashi na ɗauke yarinyar. Da yamma a bakin rijiya na ce wa maƙwabciyata, ni dai na lura tun da tsohuwar nan ta fara zuwa gidan yarinyar ba ta sake lafiya ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ambaci maita da bakina ba, amma kafin kwana biyu gari ya ambata a madadina, ana cewa ai mai ilimi ce ma ta gano.

Aka daina sayen nononta. Ita ba ta san abin da ake ciki ba, sai da ta shigo gidanmu rana ta uku ta tarar da mata cike, uwar mijina na tsaye, aka ce mata ta tsallaka yarinyar idan tana son zaman lafiya. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta aje ƙwaryarta a hankali, ta tattare zane, ta tsallaka yarinyar sau uku. Sannan ta ce, "'Yata, in wannan zai ba ta lafiya, sau ɗari ma sai in yi. Amma don Allah ku kai ta asibiti, jini ne babu a jikinta." Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ba ta waiwayo ba.

Washegari maigidana ya dawo. Da ya ji abin da aka yi bai ko zauna ba, ya ce in goya yarinyar, muka hau mashin sai asibitin Batsari. Aka gwada jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya daɗe a jikinta har ya cinye jinin, kuma da mun ƙara kwana biyu da sai dai wani labarin. Jinin maigidana aka ɗiba aka ƙara mata. Kwananmu biyar aka sallame mu tana neman ƙosai. A hanya ya yi mani magana guda, ya ce in shirya mu je rugar in durƙusa a gaban tsohuwar nan. Da muka je ba mu tarar da kowa ba, sai turaku da busasshen kashin shanu da duwatsun murhu. Wani manomi ya ce 'ya'yanta sun ce ba za su zauna inda aka wulaƙanta uwarsu ba, sun kaɗa shanu sun yi wajen Safana. Sau uku ina bin mata masu nono a kasuwar Safana ina kwatanta ta. Wata ta ce sun yi kudu, wata ta ce ba ta san ta ba.

Zaman bishiyar bedi bai sake haɗuwa ba, kowa na jin kunyar kowa. Daga baya rashin tsaro ya tarwatsa mu, mu muka dawo cikin Batsari, wasu suka yi Katsina. Bara na samu littafin a waya na saurare shi har ƙarshe ina wanki. Bai ba ni tsoro ba ko kaɗan, kuka kawai ya sa ni.

Ban ga laifin littafin ba, mu goma muka saurare shi, ni kaɗai na ɗauko shi na ɗora a kan mutum mai rai. Ina roƙon 'yan'uwana mata, idan yaro ya kwanta a fara da asibiti kafin a fara duban fuskokin maƙwabta, kuma zargin da ba ki da hujja a kansa kada ki furta shi ko da a kaikaice ne, don ba ki da ikon dawo da shi. Ɗiyata yanzu tana sakandare. Idan akwai mai karatu da ya san wata tsohuwa da ta taɓa zama a bayan Wagini aka yi mata haka, ya gaya mata yarinyar ta rayu, kuma uwarta na neman gafara. Idan ta riga mu gidan gaskiya, ku taya ni yi mata addu'a.