Maliki, Mai Raba Faɗan Ƙarafunan Sabis

A taƙaice, domin mai gaggawa: Malam Maliki, ma'aikacin gyaran ƙarfen sabis a shiyyar Birnin Kudu da Gwaram, ya ajiye aiki a wannan wata. Ba a yi masa walima ba, ko kwamitin da zai duba yiwuwar walimar ba a kafa ba.

Kullum bayan asuba yakan saɓa igiyarsa, ya hau babur, ya nufi ƙarfen da ke da matsala. Kowane ƙarfe na ɗauke da eriyoyi da dama, kowacce da inda ta fuskanta. Idan ƙarafuna biyu suka ɗaga wa wuri ɗaya murya tare, waya takan rasa wanda za ta saurara, kira ya yanke. Mu tsofaffin akawuna mun san wannan hali; a ofis sunansa taro.

Haka ya sami wani ƙauye tsakanin ƙarfen Dingaya da na Kwandiko. Mutanensa sai sun hau dutse kafin su yi kira, ko da hadari ya haɗo. Kowane ɓangare ya nemi a ƙara wa ƙarfensa ƙarfi. Aka ƙara, abin ya daɗa lalacewa. Maliki ya ce magani shi ne a sunkuyar da eriyar Dingaya, ta bar ƙauyen ga Kwandiko.

Ina wurin ranar da ya hau ƙarfen Dingaya, ta'aziyya ta kai ni. Gabas ta yi baƙi ƙirin, kuma labari ya bazu cewa Maliki zai kwashe sabis ya kai wa Kwandiko. Matasa suka kewaye gindin ƙarfen da gorori, Ɗanbala mai cajin waya a gaba.

"Malam, sauko ka yi mana bayani!"

"Ɗanbala, eriyar a kwance take. In na sauko, kai za ka hau ka ɗaure?"

"Ni? Ko mangwaro ba na hawa!"

Iska ta taso, ƙarfen ya shiga rangaji. Sama tsawa, ƙasa gora. Maliki na gama ɗaure ƙusa ta ƙarshe, aradu ta faɗa kan tsinin ƙarfen. Muka zube muna salati. Da muka ɗaga kai, ga shi a rataye jikin igiyarsa, ba ya motsi.

Sai wayar Ɗanbala ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce daga wancan ƙauye.

"Kana ina cikin wannan hadari?"

"Inna, kina kan dutse ne?"

"Wane dutse? Ina ɗakina."

Ya yar da gorar. Shi ya hau ƙarfen, ya sauko da Maliki da ransa.

Maliki, kai ne mai raba faɗan da ido ba ya gani. Kai ka nuna mana cewa in maƙwabci ya rage murya, kowa sai ya ji. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku yi koyi da shi, amma ku riƙa duban gabas kafin ku hau.

Abin da aikin ya ci: kunnen Maliki na hagu, wanda bai ƙara ji da shi ba, takalmi wari ɗaya, da kwanciyar hankalin matarsa Sa'adiyya, wadda har yau, in hadari ya haɗo, sai ta leƙa ta tabbata igiyar tana rataye a ƙusarta.