Ƙwaya Goma Sha Ɗaya da Rabi

Duk wanda ya taɓa sayen wake a kasuwar Wurno cikin shekaru arba'in da suka wuce ya san Inno mai awo. A Marnona aka haife ta, aure ya kawo ta Wurno gidan Abdulƙadiri mai gyaran keke. Tiyarta ta ƙarfe ce, mai shuɗin fenti a baki, irin wadda ake yi tun kafin roba ta cika duniya. Ba ta taɓa tauye mudu ba, ba ta kuma taɓa yi wa kowa gyara ba, ko limami ne. Farin wake na damanta, ja na hagunta. In ƙwayar ja ta faɗa cikin fari, sai ta tsayar da ciniki har ta tsamo ta, mai saye ya jira ko ya tafi.

Ɗa guda Allah ya ba ta, Lukman. Da Abdulƙadiri ya rasu a daminar 2019, Lukman ya koma Goronyo noman albasa a ƙasan madatsar ruwa, ya auri Nafisa 'yar Tursa ta ƙasar Rabah. Gidan Wurno ya yi tsit. Inno ta kan dafa tuwon mutum biyu da mantuwa, ta zauna tana kallon rabin.

Sai Nafisa ta haifi mace, aka sa mata Raihana. Da yarinya ta kai wata ashirin lokacin yaye ya yi, kuma a al'ada kaka ce ke ɗaukar yaye. Sau da yawa wanda aka kai makonni kaɗan sai ya zauna shekaru. Inno ta share ɗaki, ta sayi ƙaramar tabarma. Ana nan labari ya iso mata cewa Laraba, uwar Nafisa, ita ma ta sayi tabarma. Iyayen yarinya kuwa ba su da bakin magana, domin 'yar fari ce: ko sunanta ba sa kamawa, balle su ce ga inda za ta.

Laraba ta aiko da saƙo ta bakin wani ɗan kabu-kabu: yarinya jininsu ce tsaf, har kunnuwa. Inno ta juya maganar kwana biyu. Jini abu ne da ya kamata a ce yana da ma'auni. Ranar kasuwa ta jira Malam Wilfred.

Malam Wilfred mutumin Zuru ne. Ya zo Wurno a 1983 koyar da ilmin halittu a sakandare, ya yi ritaya, ya ƙi komawa gida. Shekara talatin yana sayen fari da ja a wurin Inno, rabin tiya rabin tiya, ba ta taɓa tambayarsa dalili ba.

"Malam, zamna nan," in ji ta. "An ce kai ka san yadda aka yin mutum. Jikata, nawa na nawa cikinta?"

Malam Wilfred ya cire tabarau ya goge. Bai saba yi wa dattijuwa irin wannan bayani ba, a tsakiyar kasuwa kuma. Ya roƙi aron faifai.

"Hajiya, jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani. Cikin kowane ɗaki akwai zare arba'in da shida, mu a aji kuromosom muke ce musu. Ashirin da uku daga uwa, ashirin da uku daga uba." Ya ƙirga farin wake ashirin da uku. "Wannan ku ne." Ya ƙirga ja ashirin da uku. "Wannan marigayi." Ya jera su bibbiyu, fari kusa da ja.

"Allah shi jiƙan shi. Kada ka bari su taɓa juna."

"Ai dole su taɓa. Wannan faifan shi ne Lukman. To, in jikinsa zai yi iri," ya ɗan yi tari, "irin da ake samun haihuwa da shi, ba zai ba da duka ba. Rabi zai bayar, uwar ta kawo rabi. Daga kowane biyu ɗaya ke tafiya. Wannan rabon shi ake kira mayosis."

Ya rufe ido ya riƙa jefa kwabo a kan kowane biyu, yana ware wanda ya ci. Fari goma suka fito. Inno ta ce a sake. Goma sha huɗu. Aka sake, tara.

"Wane irin awo na wanga? Wa ka riƙon tiyar?"

"Babu mai riƙewa, Hajiya. Kuma ban gama ba." Ya zaro reza daga aljihu, ya tsaga fari ɗaya da ja ɗaya, ya haɗa ɓarin wannan da na wancan. "Kafin su rabu sukan yi musayar gutsattsari. Shi ya sa 'yan uwa ba sa zama iri ɗaya."

"Ka ɓata min wake biyu."

"Zan saya."

"Ni dai ka gaya min magana guda."

"In aka daidaita, kowane kaka rubu'i ne da shi. Amma yana iya ɗarawa, yana iya kasawa."

Inno ta ji rubu'i, ta bar sauran ya wuce. Rubu'in arba'in da shida, ta lissafa a ka, goma sha ɗaya da rabi. Malam Wilfred ya ga fuskarta bai ji daɗi ba, sai ya ɗauki farar ƙwaya guda ya miƙa mata.

"Wannan kam babu shakka a kanta. Tun da mace aka haifa, zaren da Lukman ya bayar na zama mace daga gare ku ya same shi, kuma ya miƙa shi kusan yadda yake."

Ta ƙulle ƙwayar a bakin zane. Sa'an nan ta ce masa ranar Asabar zai raka ta Tursa ya zama shaida. Ya ce shi malamin makaranta ne, ba alƙali ba. Ta ce motar farko za su shiga.

Hantsi ya ɗaga suka isa. Gidan Malam Halliru, mijin Laraba, gida ne na jikoki goma sha huɗu, wasu kan katanga, wasu cikin rumbu. An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Lukman ya zo daga Goronyo, ya rakuɓe can nesa da surukansa, kai a sunkuye. Nafisa ta shige ɗaki. Raihana na tsakar gida tana jan wutsiyar akuya.

Aka gaisa, aka sha fura. Inno ta buɗe ƙullinta, ta zuba ƙwaya arba'in da shida a faifai, ta karɓi rezar Malam Wilfred, ta kasa kashi huɗu, kowane goma sha ɗaya da rabi.

"Ga yarinya," in ji ta. "Wanga nawa. Wanga na marigayi. Wanga naku, Hajiya Laraba. Wanga na Malam Halliru. Marigayi ba shi nan, ni ka riƙon kayanshi. Nawa ashirin da ukku ke nan, naku sha ɗaya da rabi. A ba ni kayan ɗiya in kama hanya."

"Ban ce daidai wa daida ba," in ji Malam Wilfred. "Na ce yana iya..."

"Malam, sha hurarka," in ji Inno.

Laraba ta daɗe tana kallon faifan. Kowa ya zaci za ta ce wannan shirme ne, yaro ba wake ba ne. Amma Laraba 'yar malami ce, ta tashi tana jin ana rabon gado a zauren ubanta.

"Hajiya Inno, mi kunka ce? Kayan marigayi?"

"Haka nic ce."

"To tun yaushe mace ta gaje miji dukai? In da ɗiya, tumunin takaba ɗai ag gare ta. Ɗaya cikin takwas. Saura na Lukman na."

Inno ta dubi faifan. Shekara arba'in ba ta taɓa cin ƙwayar wani ba, ba za ta fara a gidan surukai ba. Ta sa hannu a kashin marigayi, ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta yanko kusan rabin wata, ta tura sauran gefen da Lukman yake.

"Ko hakan na hi ku," in ji ta. "Kusan sha ukku gare ni."

"Kun hi ni ni ɗai," in ji Laraba. "Ni mijina na da rai." Ta juya wajen mijinta. "Malam, turo min naka."

Inno ta waiwaya wajen ɗanta. In ya ba ta goman da ya gada, a ƙalla za su yi kunnen doki.

"Lukman, kai hwa?"

Lukman ya ƙara sunkuyar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa. A gaban surukai, a kan 'yar fari, ko da wuƙa ba za a ciro masa magana ba.

"Inna, ni ban san zancen da a kai ba," ya ce da ƙasa.

Inno ta ɓoye hannunta cikin mayafi. Ta tuna ƙaramar tabarmar da ke jingine a ɗaki. Ta kwance bakin zane ta fito da farar ƙwayar nan.

"Akwai wagga. Malam ya ce ita ba shakka."

"Tana cikin lissafin, Hajiya," in ji Malam Wilfred a hankali. Ƙarya ba ta cikin halinsa. "Ba ƙari ba ce."

Saura Malam Halliru. Tun da aka fara yana fama da wani jika da ke ƙoƙarin zare masa carbi. Ya jawo kashinsa gabansa ya leƙa.

"Malamin boko, cikin sha ɗaya da rabin ga, wane yanki na nata ya zan nawa? Baki ko ƙahwa?"

"Ba a sani ba, Malam. A warwatse yake ko'ina."

"In baki na, ban so. Amaryar ga haƙori takwas gare ta, jiya ta cije ni ga yatsa. Mata irinta bakwai gare ni gidan ga, ba wadda ta taɓa dama min hura. Rediyona sun jehwa rijiya. Tabarauna na wurin akuya." Ya ɗaga kai ya dubi Inno, ya dubi mayafin da ta ɓoye hannu a ciki. "Hajiya, gidanku akwai mai jehwa rediyo rijiya?"

"Babu kowa."

"Ko guda?"

"Ko kaza."

Malam Halliru ya sa gefen hannu ya ture kashinsa, ya haɗe shi da na Inno.

"Na ba ku kyauta, ga shaidu. Na saki amarya."

"Malam!" in ji Laraba. "Da ni a zamne?"

"Ke kina da naki sha ɗaya da rabi. Wa ya taɓa miki shi?"

Inno ta ƙirga sau biyu. Ashirin da huɗu da ɗan ɗori, ya haye rabi. Laraba ma ta ƙirga, domin ba ta yarda da awon 'yan kasuwa ba, ta samu haka. Ta tashi fuu ta shiga ɗaki. Aka ji tana ta faɗa da kwanuka. Can ta fito da ƙullin kayan yarinya, da ƙaramar tabarmar da ta saya, ta dire su gaban Inno.

"Ku ji da kyau. Rubu'ina na cikin ɗiyar ga, ban sayar ba, ban bayar ba. Duk ranar kasuwa ina nan tahe in duba shi. In na ishe ya rame, alƙali za ya raba mu."

"In kun zo ku taho da abincinshi," in ji Inno. "Ni nawa nika ciyarwa."

A mota Malam Wilfred ya yi ƙoƙari sau uku ya bayyana cewa abin da aka yi a Tursa ba shi ne abin da ya koyar shekara talatin ba. Inno ba ta ji shi ba. Raihana ta yi kuka har Rabah, sa'an nan ta yi barci a cinyarta, ƙafa ɗaya a waje. Ƙaramin yatsan ƙafar a lanƙwashe yake, ya hau kan na kusa da shi. Inno ta san wannan yatsa. Shekara talatin da takwas tana ganinsa cikin silifas a bakin rumfar gyaran keke. Ta rufe shi da tafin hannu, ba ta gaya wa kowa ba, kada a ce na Lukman ne bakwai cikin takwas.

Laraba ta cika alkawari. Kowace ranar kasuwa takan sauka a Wurno da ƙwaryar fura, ta ɗaga yarinya ta jijjiga, ta ce gefen hagu ya fi nauyi, wai nan rubu'inta yake. Da farko takan juya da azahar. Daga baya ta fara tsayawa cin tuwo, tunda dai an riga an dafa na mutum biyu. Yanzu shekara ta biyu ke nan, har tana taya Inno tsintar wake, suna gardama a kan kunnuwa.

A kasuwar da ta wuce Malam Wilfred ya zo sayen rabin tiyarsa, ko da yake ba shi da sauran ajin da zai yi wa darasi da waken. Ya tarar Raihana ta tsuguna tsakanin buhunan biyu, tana ɗibar ja da hannu bibbiyu tana zubawa cikin fari, tana cuɗawa har gwiwar hannu. Masu saye sun yi cirko-cirko suna jiran a tsayar da ciniki.

"Hajiya, ga shi nan," in ji shi. "Abin da na yi ta faɗa ke nan. Haka ake yi."

"Rubu'inku na ka wagga ɓarna," Inno ta ce da Laraba.

"Nawa na barci. Naku na."

Inno ta nutsa tiya cikin gaurayen, ta cika ta daidai, ta juye masa a jaka. Ba ta tsince ko ɗaya ba. Gyara kuwa ba ta yi masa ba.