Alkamar da Ba Mu Sani Ba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, maganar kuwa ta likitoci ce, ina tsoron in faɗi abin da zai sa wani ya cutar da ɗansa. Amma yanzu shirun ya fi ba ni tsoro.

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, ina aikin gandun daji a Birnin Gwari, 'yata ta fari ta fara lalacewa bayan yaye. Ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, ga zawo fari-fari mai wari da ya ƙi tsayawa. Akwai wata 'yar munduwa da mahaifiyata, Inna, ta sa mata. Da ita nake auna ciwon. Da a wuyan hannu take tsayawa, sannu a hankali ta wuce gwiwar hannu.

Yayana direban babbar mota ne, shi ya kai mu wani asibiti a Kaduna. Likitan Bature ne. Ta bakin tafinta ya tambayi abin da take ci, uwarta ta ce kunu da tuwo. Ya jima yana latsa cikin, sannan tafinta ya juyo gare mu.

"Ya ce bai tabbatar ba, amma ya yi kama da wani ciwon hanji da ba ya shiri da alkama. A ƙasarsu an gwada a kan yara, da aka hana su ita suka miƙe. Kada a ba ta ko ƙwaya."

Yaya ya yi dariya. "Alkama? Malam, tambaye shi ko ya taɓa ganin gonar alkama a Birnin Gwari. Mu da alkaki ma sai ana biki?"

Tafinta bai fassara ba. A hanya Yaya ya tasa ni gaba. "Kai ɗan boko, ka ji binciken naku ko? An gwada a kan 'ya'yan Turawa, an zo ana karanta wa 'yar masu cin dawa."

Na ce, "Yaya, ai likita ne."

"Likitan alkama ba!"

Duk da haka muka bi umarni. Alkaki, funkaso, taliya, uwarta ta hana su shiga gidan. Yarinya ta ƙara zubewa. Ta daina karɓar kunu, sai burodin da Yaya yake kawowa tsaraba duk zuwansa, a jiƙa mata a shayi. Da muka ga shi kaɗai take ci, muka ƙara mata. A wurinmu burodi ba abinci ba ne da za a lissafa wa likita, tsaraba ce, kuma a asibitin ma mun ga ana ba majinyata. A lokacin ni ma na yarda da Yaya: mun hana alkama, ba abin da ya canja.

Da damina ta kama, Inna ta zo daga ƙauyenmu na wajen Gayam. Ta ɗaga hannun yarinyar, munduwar ta zame har hamata.

"Ku kawo mini ita," in ji ta. "In tafiya ce, ta tafi a hannuna."

Ni na kai ta a keke, a ɗaure a bayana. Dajin ya yi tsit, ciyawa ta fi tsayina, kanta yana bugun bayana kamar ba wuya a jikinsa. Ina tafiya ina tsayawa in saurari numfashinta. Bayan na dawo rafuka suka cika, hanya ta yanke. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Da kaka na koma. Na tarar da ita tsaye a gindin turmi tana korar kaji, munduwa ta dawo wuyan hannu.

"Jiƙona ne," in ji Inna. "Sassaƙen daji. Me likitanku ya sani?"

Ba a jima ba Yaya ya yi wa wani gidan burodi dakon fulawa, na raka shi. A jikin buhun na ga zanen wata zangarniya, ba ta dawa ba, ba ta gero ba. Na tambayi mai gidan burodin. Ya ce, "Alkama ce mana, ita ake niƙawa a yi fulawa." Mu da mun ɗauka fulawa wani abu ne na inji, kamar sukari.

Da na gaya wa Yaya sai ya ce, "To, jiƙon Inna fa? Nonon Fulanin da ta sha fa? Ruwan can fa? Wanne ka cire a ciki?"

Na hana ta burodi, na kuma ci gaba da karɓo jiƙon, don ban iya sakin ko ɗaya in ga abin da zai faru ba. Ta rayu, ta girma, ko da yake 'yar ƙarama ce.

Inna ta rasu ba ta nuna wa kowa itacen ba. Yanzu 'yar tawa ta yaye tata 'yar, ta sa mata munduwar nan. A ƙofar gidansu akwai mai shayi. Da na je duba su, na ɗaga hannun jikar tawa, munduwar ta wuce gwiwar hannu. An kai ta asibiti an ce tsutsar ciki ce. Na yi wa ubanta maganar burodi, ya ce, "Baba, wannan ai ciwon Turawa ne."

Don Allah, duk wanda ya san ko an taɓa yin wannan bincike a kan yaranmu na nan, ko ya san yaron da aka hana fulawa kaɗai, ba jiƙo ba komai, ya warke, ya sanar da ni. Ina neman abin da zan faɗa wa ubanta ya saurara.