Tabarmar da ke bayan shagon Malam Isufu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina zaune bakin ƙofar da nake gadi a Tamanrasat, bayan la'asar, ƙanwata Rabi ta kira ni daga Matamaye. Ta ce, "Yaya Habu, sai haƙuri. Maigidanka Malam Isufu tela ya rasu, an kai shi da hantsi." 

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Malam Isufu ne ya koya mini ɗinki, kuma shi ne ya kore ni. Shekarar annobar korona na kwanta, na tashi, amma jikina bai tashi tare da ni ba. In na taka keke na ɗan lokaci sai numfashi ya ƙwace, washegari ko almakashi ba na iya ɗagawa. Likita ya duba, ya ce bai ga komai ba. Ana jibi Sallah, kayan mutane jibge, Malam ya same ni kwance a ƙasa. A gaban masu kaya ya ce, "Habu, zazzaɓinka ya warke tuni. Wannan lalaci ne." Na ɗauki hulata na fita. Ban tsaya ba sai da na ƙetare hamada.

Abin da ya biyo baya daga bakin Rabi na ji. Wani magini daga Kance, Lawali, ya zo masa da irin ciwona yana neman abin yi. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Na taɓa ganin wannan, ban gane ba." Sai ya raba aikin shagon: masu ƙarfi su taka keke, Lawali ya zauna yana sa maɓalli da kalmasa da hannu. Ya shimfiɗa tabarma a baya, wanda jikinsa ya gaza, sai ya kwanta ba sai ya nemi izini ba. Daga baya mata biyu masu irin lalurar suka riƙa karɓar aikin hannu a gida, ba a sa musu rana. In mai kaya ya yi ƙorafi, sai ya ce, "Alhaji, rigarka za ta jira. Ban taɓa jin riga ta suma ba."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Da bayana aka koyi darasin, wasu suka kwanta a tabarmar. Bara ya aiko mini da saƙon murya: "Habu, na zalunce ka. Ka dawo, wurinka na nan." Na saurara ya fi sau goma. Ban amsa ba. Na ce sai na huce, ga shi an kai shi.

Malam, na yafe, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini shirun.

Saura kai, Sani, babban ɗansa, da shago ya dawo hannunka. Za a ce maka su Lawali nauyi ne, Sallah na tafe. Kada ka naɗe tabarmar nan. Ni na san inda mutum ke ƙarewa in babu ita.

Allah ya jiƙan Malam Isufu, ya karɓi gyaran da ya yi, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa Hajiya da 'ya'ya haƙuri, ya ba Sani zuciyar da mahaifinsa ya mutu da ita. Amin.