Koren Fenti a Kan Jitar Babana

Ranar Laraba ce, ana dab da ƙaramar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Na dawo daga kai markaɗe da bokiti a ka, bakina ya bushe ƙamas saboda azumi, sai warin sabon fenti ya tare ni tun daga soro. A gidanmu na unguwar Soron Ɗinki duk ƙarshen azumi akan kira mai fenti ya shafe ƙofofi da tagogi, kuma kakata Hajiya tana da doka guda: fentin da aka saya da kuɗi ba ya kwana a gwangwani. In ya yi saura sai a bi kujerun tsugunno da akwatunan ƙarfe da murfin rijiya, har sai buroshi ya ƙafe. A wannan shekara saura ya yi yawa. Ina shiga tsakar gida na hangi jitar babana a jingine da katanga tana shan iska, an mulke ta da kore shar tun daga ƙasa har gindin wuya, launinta ɗaya da ƙofar banɗaki. Ban san lokacin da na dire bokitin ba, sai ji na yi ina ihu.

Babana ya rasu a daminar da ta wuce. Tela ne, manyan riguna yake ɗinkawa, kamar yawancin mazan layinmu. Amma a samartakarsa ya yi kiɗa da wata ƙungiya a Sabon Gari, shi ke riƙe da babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake kira bes, wadda muryarta ke fita ƙasa-ƙasa. Manya ba su so ba, don a cikin gari ɗan gidan mutunci da kiɗa abin a yi ta magana ne, saboda haka da zai yi aure ya bari. Jitar ce dai ya ƙi rabuwa da ita. Ran Juma'a in an sakko daga masallaci yakan tura ƙofar ɗaki ya ɗora ta a cinya, ya yi ta taɓawa ba tare da ya jona ta da komai ba. Daga bakin ƙofa ma ba a jin sautin, sai na manna kunnena a jikin katakon sannan in ji shi yana ratsa haƙorana. Gefenta baƙi ne, ya sirka zuwa ja, tsakiyar kuma ruwan zuma. Ta sama, inda yake ɗora hannunsa na dama, shafen ya cinye har katako ya fito, ya yi duhu da gumin shekaru. Wannan gurbi shi ne abin da ya rage mini na jikin mahaifina, kuma shi aka binne a ƙarƙashin fenti.

Hajiya ba ta ga abin kuka ba. "Ke da aka gyara miki kaya? Duk ta koɗe kamar ta marasa gata," in ji ta, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. Ba mugunta ba ce, a idonta duk abin da ya koɗe ya nemi fenti, ko tukunya ce ko ƙofa. Ummata kuwa ta leƙo ta gani, ta koma ɗaki. Dama ƙanen babana, Baffa Sani, ya riga ya faɗa cewa bayan babbar Sallah za a raba gado, za a yi wa kayan kirki kuɗi, tarkace kuma duk mai so ya ɗauka, har ya ce wannan katakon Rabi ta riƙe tunda ita ce mayyarsa. Ke nan jitar tawa ce. Na tsaya a gabanta na rantse sai na cire koren nan tas, Hajiya ta ce taurin kaina na gado ne kuma ta san inda na samo shi.

Da wuƙa da soson ƙarfe na fara nufarta. Allah ya sa Umma ta fito ta riƙe hannuna, ta ce in ɗauka in kai wa wanta, Kawu Ɗanlami, kafinta ne a wajen Ƙofar Wambai, gadaje da kabet na amare yake yi. Na naɗe ta a tsohon zani na ratsa lunguna da ita, tsawonta ya kusa nawa, yara na bina suna tambaya ko gawar kada na ɗauko. Kawu ya duba, ya lakato fentin da farce, ya yi dariya. Ya ce ƙazantar mai fentin ce ta cece mu, bai goge ƙura da maiƙon hannu ba kafin ya shafa, don haka fentin bai kama sosai ba. Ya hana ni sanfefa, ya hana ni tina, ya ce tina za ta narkar da kore ta haɗa da shafen asali ta tafi da su gaba ɗaya. "Garin neman gira kar ki rasa ido," in ji shi. Abin da ya ba ni kawai kananzir ne a 'yar kwalba, da tsumman farin yadi, ya ce in nemi sakaina in goge bakinta a dutse har ta yi santsi, don ƙwarya ta fi fenti tauri amma ba ta kai shafen asali ba. In jiƙa wuri kamar faɗin kwabo, in jira ya yi laushi, in tura da sakaina a kwance, in goge. Na ce ya yi mini mana tunda ya iya, ya ce yana da kayan amare uku a gabansa, kuma wannan aikin na mai ciwon abin ne.

Haka na shiga aiki. Na yi wa kaina wuri a inuwar rumfar Hajiya, kusa da turmi. Da safe in yi shara in ɗebo ruwa in tafi makaranta, in na dawo in yi wanke-wanke a gurguje, sai in zauna da sakainata har lokacin islamiyya. Ƙawayena su zo su zana 'yar gala-gala a ƙofar gida su yi ta kirana, su gaji su zauna carafke, ina jin ƙarar duwatsunsu raina na biyawa, amma ban tashi ba. A makaranta aka sa mini suna Rabi mai aci-balbal saboda warin kananzir da ya ƙi barin hannuna ko na wanke da toka, har na yi dambe da wata a gindin dalbejiya a kan sunan. Faratana suka rine kore, tuwo ma ɗanɗanon kananzir yake mini. Wata rana in yi wuni guda ban buɗe abin da ya wuce tafin hannu ba, in ji kamar in jefa ta rijiya in huta. Sai Hajiya ta wuce ta ce, "Sannu ba ta hana zuwa," cikin tsokana, ni kuma tsokanar ce ke ƙara mini ƙarfi. Sakaina nawa na cinye ban sani ba, har sai da ta fara ɓoye ƙoren furarta.

Ta baya na fara, don in hannuna zai yi kuskure ya yi a inda ba a gani. Da bayan ya fito, baƙi da ja da ruwan zuma, da 'yan tsage-tsage sirara a cikin shafen irin na tsohon tangaran, na kai wa Kawu ya gani ina jiran yabo. Sai na ga ya daina dariya. Ya juya ta, ya daɗe yana kallon wani ƙaramin farantin ƙarfe mai lambobi a gindin wuyan, sannan ya zaunar da ni a kan benci. Ya ce shi ba masanin kayan kiɗa ba ne, amma ya san katako kuma ya san shafe, wannan ba aikin wasa ba ne. In na bar gabanta a kore, kowa zai ci gaba da ganin tarkace, ta zauna a hannuna har tsufana. In kuwa na fito da ita, dole a kira wanda ya sani ya yi mata kuɗi, kuma yana tsoron za ta fi ƙarfin rabona, ga ƙannena biyu maza, ga Umma, ga Hajiya, kowa da haƙƙinsa a ciki. Ya ce in je in yi tunani.

Na yi tunanin, na kuma yi kuka a bayan rumfa. Na yi kwanaki ban taɓa ta ba, ina zuwa in zauna in zuba wa koren ido. Amma abin da ke gabana ba jitar babana ba ce, wani katako ne mai launin ƙofa. Ban ga amfanin in riƙe abin da ba zan iya ganinsa a ciki ba, kuma ko a lokacin zuciyata ba ta kwanta da in ɓoye wa ƙannena nasu a ƙarƙashin fenti ba. Na ɗauki sakaina na juya ta gaba.

Gurbin hannun na bari ƙarshe, don a nan babu shafen da zai kare katakon, fenti ya shiga cikin jijiyoyinsa. Sakaina ba ta da aiki a wurin. Da tsinken tsintsiya na bi shi, layi-layi, ina ɗiga kananzir da bakin tsumma, ina tsoron kada in kankare duhun tare da koren. Ranar da na gama, da hantsi ne ran Asabar, na goge da busasshen yadi sai ga shi ya fito yadda na san shi, har da inda ya fi zurfi wajen wuyan hannu. Na kira Umma. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Nan ne ƙashin hannunsa yake zama," ta ja mayafi ta rufe fuska. Hajiya da ke tsokanata ta zo ta tsaya a kanmu, ta ce Allah ya jiƙan ɗanta Auwalu. Ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki sun haɗu mini kamar na wannan hantsi ba.

Bayan babbar Sallah Baffa ya kawo Malam Tanimu, wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa a Sabon Gari. Aka shimfiɗa tabarma a soro, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗaga jitar ya auna nauyinta a hannu, ya kanne ido ɗaya ya bi tsawon wuyan da kallo ko ya lanƙwashe, ya murɗa maɓallan ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya ya ce duk na asali ne. Ya kwance wuyan ya duba hatimin da ke ɓoye a ciki, har sansana katakon ya yi. Baffa ya nuna gurbin ya ce ko a kai wa kafinta ya cike shi da folish don ta ƙara daraja. Malam Tanimu ya ce kul, masu neman irin wannan tsufan suke saye, da an sake mata shafe ko an sa mata sanfefa da rabin darajarta ta tafi. Ya tambayi wanda ya cire fentin, aka nuna ni, ya ce, "Yarinya, hannunki bai ci amanar katako ba." Sannan ya faɗi kuɗinta. Ashe ta fi kekunan ɗinkin babana duka a haɗe.

Baffa ya kira ni ya ce ya yi mini alkawari a kan rashin sani, amma dukiyar marayu ba a kyauta da ita, ko shi bai isa ba. Ban yi musu ba, Kawu ya riga ya gaya mini. Na roƙi abu ɗaya, a bar ni ni in miƙa ta. Da mai saye ya zo na goge ta da kaina, na ɗora hannuna a gurbin, nawa bai cika ko rabinsa ba, sannan na miƙa masa. Na bi bayansu har bakin titi, ban yi kuka ba sai da motar ta sha kwana.

Yau gidan namu an rushe rumfar an yi bene, Hajiya da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya, yaran layin kuma ba su san sakaina ba balle carafke. Abu in ya koɗe yanzu ba a ma shafa masa fenti, bola ake kai shi a sayo sabo. Wani lokaci nakan duba tsofaffin jitoci a waya, har na ga wai akwai masu ƙera sababbi su kankare su da gangan don su yi kama da waɗanda aka daɗe ana kaɗawa. Nakan tsaya a kan kowane hoto in duba saman katakon, ko zan gane wuyan hannun da na sani. Ban taɓa ganinta ba, kuma ina kewarta har gobe. Amma duk inda take, babana yana jikinta a fili, kuma ni na fito da shi.